Madarar Madam

Litinin, 1 ga Satumba

Zazzaɓin Gwamnati ya dawo. Gwamnati matata kenan, in wani ya tsinci littafin nan bayan raina. Na sa mata sunan ne saboda a gidanmu ba a ɗaukaka ƙara. Yau da safe sai da na matse zanin gado kamar wanki, don gumi. Maganin maleriya mun sha, na taifod mun sha, mun sake shan na maleriya don kada ya ji haushi. Zazzaɓin sai ya tafi kamar ya yi fushi, mu yi murna, ya dawo da jakarsa.

Ta kafa doka: kada 'yarmu Auta ta ji. Auta tana shekarar ƙarshe a makarantar likitan dabbobi, jarrabawa a gabanta. Na ce to. Me kuma zan ce.

Alhamis, 4 ga Satumba

Auta ta kira ina shago, ina tsakiyar naɗa koyil ɗin fankar wani tela. Wai an shigo musu da sabon tsari. Duk Laraba ana haɗa su ɗaki ɗaya, masu karatun likitan dabbobi da na likitan mutane da nas-nas da 'yan ɗakin gwaji, kowa ya kawo matsalar da ya gani a wurin aikinsa, ba suna, su taru su yi ta tattaunawa. Na ce madalla, gobe in na je asibiti sai a ɗaga mini wutsiya a sa ma'aunin zafi. Ta yi dariya. Dariyar uwarta ce sak.

Na faɗa mata gaskiyata. Ni aji biyu na sakandare na tsaya, amma na san in fanka ta ƙi juyawa ba na kiran mai gyaran famfo. Kowa da aikinsa. Ta ce, "Baba, ai wuta ɗaya ce ke shiga gidan." Ban gane ba, na ce kwastoma na jira.

Ta tambayi Madam, akuyarmu. Wata biyu da suka wuce Madam ta yi ɓari, 'ya'ya biyu, saura kaɗan su isa haihuwa. Na gaya wa Auta a lokacin, tunda harkar akuya tata ce. Yau ta sake maimaita abin da ta ce ran nan: a ware ta, kada a sha madararta ɗanya, in ta zo hutu za ta ɗebi jininta. Na ce an ji, Likitar Awaki. Warewa dai na ware. Amma abin da ɗan Adam zai zuba a cikinsa ba huruminta ba ne. Uwarta da ɗanyar madara aka yaye ta, in an tafasa cewa take warin tukunya take ji.

Ta tambayi Mama. Na ce tana wanka.

Asabar, 6 ga Satumba

Bayan Gwamnati ne yanzu. Daga gado zuwa banɗaki sai ta dafa bango.

Talata, 9 ga Satumba

An ba ta gado a asibitin koyarwa. Ɗakin mata, gado na kusa da taga, fankar sama tana juyawa kamar mai bin bashin barci. Kafasitonta ne ya mutu, daga ƙofa na gane. Na gaya wa nas, ta kalle ni kamar na zage ta.

Babban Likita ya zo da ɗalibai a bayansa kamar 'yan tsaki. Tambayoyi: tana tari, tana ramewa, akwai mai tari a gida, ta taɓa faɗuwa. Duk na amsa. Mutumin kirki ne, ba ya ɗaga murya, sai dai idonsa na kan agogo. Ya ce a ɗauki hoton baya.

Abinci ba ya shiga. Abu ɗaya take iya haɗiyewa, madarar Madam. Da asuba nake tatsa, in zuba a fulas da ɗuminta, in hau mota in kai. Ƙanwarta ce ke kwana da ita. Na ce wa Gwamnati, kin ga akuyar da kika ce na yi asarar saye ita ke riƙe da ke. Ta ce, "Malam, ko a gadon asibiti ba za ka bar ni in huta ba."

Alhamis, 11 ga Satumba

Auta ta kira ina gefen gadon. Gwamnati ta gyara murya, ta zauna da ƙyar, ta yi magana kamar mai shirin zuwa kasuwa. Daidai nan wata a gadon can ta kwarma ihun allura. Auta ta ce mene ne wannan. Na karɓe wayar na ce talabijin ne, wasan asibiti ake yi, ba su iya ba ma.

Da aka kashe wayar sai ta koma ta kwanta, gumi ya jiƙa mata wuya. Ba wanda ya yi dariya. Ni ma da na yi wasan.

Asabar, 13 ga Satumba

Hoton ya fito. Babban Likita ya ɗaga shi a haske ya nuna mini wani wuri a ƙashin bayanta da ya ce ya fara cinyewa. Ni dai gajimare na gani. Yana zargin tibi ne, wato tarin fuka, ya sauka a ƙashi. Gwajin bai nuna ba, amma ya ce wani lokaci ba ya nunawa. In sati mai zuwa ba a ga wata hanya ba, za su fara mata maganin tibi, na watanni masu yawa. Na ce in kuma ba shi ba ne fa? Ya ajiye hoton. Ya ce abin da ba ya so shi ne abin ya taɓa jijiyar ƙafa.

Ƙafa.

Matar da ba ta iya zama wuri ɗaya ko a gidan mutane. Na fito baranda na tsaya ina karanta wata sanarwa ta wanke hannu har na haddace ta.

Na ce mata a gaya wa Auta. Ta ce in ta gama takardar ƙarshe. "Me za ta yi mini, Malam? Ni tunkiya ce?" Maganata ce ta dawo mini a bakinta, kuma ba ta yi daɗi ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Na ƙona koyil ɗin tela. Shekara nawa rabon da in ƙona koyil.

Alhamis, 18 ga Satumba

Cikin ɗaliban Babban Likita akwai wani dogo, siriri, rigarsa fara ba ta kai masa wuyan hannu. Dogo nake ce masa, yana amsawa. Yau ya zo shi kaɗai ya ja kujera.

"Baba, kuna kiwo a gida?"

Na ce ina kiwon mata ɗaya da ɓeraye masu yawa. Ya yi murmushi, bai tashi ba. Ya ce shanu, tumaki, awaki? Na ce akwai akuya, tana gaishe ka, amma lafiyarta ƙalau, mai ciwon ga ta nan kwance. Ya ce ta taɓa ɓari? Na kalle shi. Na ce yaro, kai likitan mutane ne ko an canza maka makaranta ba a gaya wa babanka ba?

Sai ya ba ni labari. Jiya Laraba ya kai matsalar Gwamnati ajinsu na haɗaka, ba suna, mace dai mai zazzaɓi mai zuwa yana komawa da ciwon baya. 'Yan likita suka ce tibi, 'yan gwaji suka ce ba su gani ba. Sai wata daga ɓangaren dabbobi ta ɗaga hannu ta ce an tambaye su ko suna da dabbar da ta yi ɓari? Aka yi mata dariya, har da shi. Ta ce akwai cutar da ke sa akuya ɓari, in ta shiga mutum ta madara sai ta zama zazzaɓi, ta zauna a gaɓoɓi. Ta ce ko a gidansu akuyarsu ta yi ɓari kwanan nan, shi ya sa ta hana iyayenta shan madarar ɗanya.

Ta hana iyayenta.

Fulas ɗin yana kan lokar gefen gado, tsakanina da shi, murfinsa ja. Dogo ya bi idona. Ya ɗauka ya buɗe ya sunsuna ya rufe. Ya ce dokar ajin ita ce wanda ya kawo tambaya shi ma ya zo ya ga mara lafiya, don haka gobe za su zo tare da malamarsu.

Na ce yarinyar nan, gajera ce, mai tabo a gira? Ya ce ka san ta ne, Baba?

Gwamnati ta juya fuskarta bango.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na so in kira Auta jiya in riga su. Na danna lambar na kashe, na danna na kashe. Jarumin maza.

Sun shigo su biyar da hantsi. Malamarsu a gaba, wata dattijuwa mai takalmin roba irin na shiga garke, sai Dogo, wata ɗalibar nas, wata 'yar gwaji mai gilashi, sai Auta a baya tana duba takarda. Ta ɗago. Ni ta fara gani. Na ga ta yi murmushi rabi, irin na me ya kawo Baba nan, sannan idonta ya sauka kan gadon.

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Ta zo ta durƙusa ta riƙe hannun uwarta, ta ce, "Mama, talabijin ɗin kenan?" Gwamnati ta ce ni na hana, kada ki ga laifin babanki. Auta ta miƙe ta ɗauki fulas ɗin. Yau ma na kawo, saboda ban san me zan kawo ba. Ta riƙe shi kamar wadda aka ba jariri matacce.

"Baba, tun yaushe?"

Na ce ai Madam ma ta damu da jikin, shi ya sa take aiko da gaisuwa. Wasan ya faɗi ƙasa, ba wanda ya ɗauka. Malamar ce ta cece ni. Ta ce wa Auta yau ke 'yar mara lafiya ce, ba ɗaliba ba, koma gefen babanki. Ta sa Dogo ya yi tambayoyin akuya, ta sa ɗalibar nas ta rubuta duk wanda ya sha madarar ko ya taɓa ɓarin. Wa ya binne? Ni. Da safar hannu? Na ce da hannun da Allah ya ba ni.

Sai mai gilashi ta ce ɗakin gwajin asibitin nan ba su da ruwan gwada wannan cutar, ba a cika nema ba. Amma a makarantar dabbobi akwai, kullum da shi suke gwada shanu. In ya nuna, sai a tura babban ɗakin gwaji a tabbatar.

Nan na tashi. Na ce jinin matata ba zai je layi da na jakuna ba. Ban san daga ina muryar ta fito ba. Duk ɗakin aka juyo. Wataƙila kunya ce ta rasa ƙofar fita ta biyo ta nan.

Auta ta ce, a hankali, "Baba, kai kaɗai ka san labarin biyu. Ka ba ni rabi, ka ba su rabi."

Gwamnati ta miƙa hannunta wa ɗalibar nas ta ce ɗebi, 'yata. An rufe shari'a.

Asabar, 20 ga Satumba

Babban Likita bai so ba da farko. Na ji su a baranda da malamar. Yana cewa ba zai dakatar da magani don hasashen ɗalibai ba, ƙafar mace ce a hannunsa. Tana cewa ba ta ce ya dakatar ba, kwana kaɗan take roƙo, kuma da shi aka tsara ajin nan, ko sa hannu kawai ya yi? Ya yi wata 'yar dariya. Ya ce zuwa Talata. In ba komai, zai fara nasa.

Ban ga laifinsa ba. Ni ma da ni ne.

Da yamma suka zo gida. Auta ta sa safar hannu har gwiwar hannu, ta riƙe Madam tsakanin ƙafafunta, ta nemo jijiyar wuya da yatsa ɗaya, allura ta shiga ko motsi akuyar ba ta yi ba. Ban taɓa ganinta tana aiki ba. Shekara shida ina ce mata Likitar Awaki, ban taɓa gani ba. Sannan ɗalibar nas ta zaunar da ni a kan turmi ta ɗebi nawa. Ni na yi motsi. Aka sa kwalbata da ta Madam a kula ɗaya, gefe da gefe. Na ce a rubuta suna da kyau, kada a dawo a ce ina da ciki. Dogo ya yi dariya. Auta tana wanke hannu, ba ta juyo ba.

Ta zubar da madarar yau a rami ta rufe da ƙasa. Da za ta tafi ta ce, "Sai da safe, Baba." Shi kenan.

Lahadi, 21 ga Satumba

Sun sa ni na je na ƙwanƙwasa wa maƙwabci, saboda akwai ranar da na ba matarsa kofi ɗaya na madarar. Mutumin da nake yi wa dariya don ya sayi firij ba wuta. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce sun tafasa. Kowa a duniyar nan yana tafasawa ashe.

Litinin, 22 ga Satumba

Gwamnati ta ce yatsun ƙafarta na hagu kamar ba nata ba. Na murza mata, na ce ai dama ba naki ba ne, nawa ne, na biya sadaki. Ta ce, "Malam, bari." Na bari.

Auta ta rubuta takardarta ta ƙarshe yau. Daga ɗakin jarrabawa ta wuto asibiti. Ban tambaye ta yadda ta yi ba, ba ni da fuskar.

Na yi ta tunani a mota. In gwajin ya ce eh, ni na yi ta ɗura mata cutar da hannuna, kowace safiya, da ɗuminta. In ya ce a'a, ba ni da laifi, ita kuma ba a san me ke cin ta ba. Na kama kaina ban san wanne nake roƙo ba. Daƙiƙa kaɗan ne. Amma na kama kaina.

Talata, 23 ga Satumba

Eh. Ita da Madam, duk biyu. Mai gilashi ta nuna mini a wayarta, ɗigon jini a kan farin faranti ya yi tsaki-tsaki kamar madarar da ta tsinke. Nawa ya fito sumul. Ko cuta ba ta ga abin ɗauka a jikina ba.

Babban Likita ya karanta, ya sake karantawa, ya ce a tura a tabbatar amma ba zai jira ba, yau za a fara. Magani iri-iri, har da allura, kuma tunda ya taɓa ƙashi za a daɗe ana sha. Ƙafar, ya ce yana sa rai. Sa rai kawai ya ce. Ya juya ga ɗalibansa ya ce daga yau duk mai zazzaɓin da ya ƙi tafiya a tambaye shi dabbobinsa. Sannan ya tambayi Auta yadda cutar ke zama a garke, ya tsaya yana saurare, bai kalli agogo ba.

Ni ina bayan labule ina riƙe da fulas wanda ba komai a ciki.

Alhamis, 25 ga Satumba

Su Auta sun zo da mota sun ɗauki Madam. Auta ta yi mini bayani: ba ta warkewa, in an bar ta za ta ba wasu, sayarwa kuma kai wa wani gida wuta ne. Ban yi musu ba. Na riƙe igiyar har bakin mota. Ta ci mini gefen riga, na ƙyale ta.

Auta ta fesa magani a garken, ta ƙone shimfiɗar. Na kawo mata ruwa. Ta karɓa ta sha, ta ce, "Da ka gaya mini, Baba." Na ce uwarki ce ta hana. Ta ce, "Madarar fa?" Na duba aljihuna ko akwai wasa ɗaya da ya rage. Babu.

Litinin, 6 ga Oktoba

Zazzaɓi bai zo ba tun wancan satin. Ba na so in rubuta da ƙarfi kada ya ji.

Na gyara musu fankar ɗakin. Kafasito ne.

Talata, 28 ga Oktoba

Mun koma ganin likita bayan sallama. Daga bakin get zuwa benci da ƙafarta Gwamnati ta taka, hannu ɗaya a kafaɗata, tana faɗan na cika sauri. Yatsun sun dawo, saura ɗan ƙaramin, shi ma ta ce yana gardama ne irin tawa. Auta ta raka mu, sakamakonsu bai fito ba tukuna. Yanzu tana yi mini magana, har ta yi dariya sau ɗaya a mota, ko da yake direban ne ya yi wasan.

A benci akwai wani bawan Allah kusa da ni, ya rame, yana ba ni labarin zazzaɓinsa da ya ƙi jin magani. Na ce kuna kiwo? Ya ce tumaki. Na ce in ka shiga ka faɗa musu ko ba su tambaya ba. Hira ce kawai, layin ya yi tsawo.

Wata sabuwar nas ta fito kiran suna, ta ga Auta tana duba katin uwarta, ta ce wannan fa? Na ce 'yata ce, likita ce. Auta ta kalle ni tana jiran in ƙarasa da "ta awaki". Gwamnati ma tana jira.

Na tashi na je neman ruwan sha. Asibitin nan akwai zafi.